Kyanwoyin da Yaya Karimu Ya Yi wa Nafisa

Ina cikin auna wa wata mata atamfa a shagona na Adjamé, a birnin Abidjan, da hantsin ranar Talata, wayata ta yi ƙara. Mariyama ce, matar yayana. Ko sallama ba ta yi ba. Ta ce, "Hadiza, Yayanki ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Matar da nake yi wa awo ba ta jin Hausa, amma ta dubi fuskata, ta ajiye atamfar ta ce, "Yako," kalmar jaje ta mutanen ƙasar. Ban san wanda ya rufe mini shago ba. Na dai ga kaina cikin mota muna ƙetare gada zuwa Treichville, unguwar su Yaya, mutane na ta hirarsu.

Abdulkarimu sunansa, mu muna ce masa Yaya Karimu. Shi ne babba a gidanmu na unguwar Bromakoté, inda mahaifinmu, Baba Malam, ya tsufa yana karantar da Alƙur'ani tun zuwansa daga Tawa ta Nijar. Yaya bai gaji allo ba. Tashar jiragen ruwa ya nufa, ya zama direban injin ɗaga kaya, a can kuma ya koyi eshek, darar Turawa, wajen ma'aikatan jirgi. Mutum ne mai ƙarancin magana. In ya zo gaishe ni a kasuwa, ba ya tambayar yadda ciniki yake. Sai ya duba kantar da ta karkace, ya nemo guduma.

Da ciwon ƙoda ya kama shi, aikin ya tafi. Ƙafafunsa suka kumbura, fuskarsa ta yi duhu, ana kai shi wankin jini ana dawo da shi a galabaice. Masu zuwa dubiya kan ce, "Ça va aller, za a ji sauƙi." Shi kuwa sai ya ce, "Ku roƙa mini cikawa da imani, shi ne ban da tabbas a kai. Sauran na ji daga bakin likita."

Abin da ya fi ciwon cin ransa shi ne 'yarsa guda ɗaya, Nafisa, wadda take firamare. Yarinyar ta tsorata da kamanninsa. In ta dawo makaranta sai ta gaishe shi daga bakin ƙofa, ta wuce bayan gida wajen kyanwoyin unguwa da take ba ragowar kifi. Wata rana ya ce mini, "Hadiza, 'yata ta fara yi mini makoki ina da rai."

Wannan ne ya sa ya sayar da babur ɗinsa ya sayo wani ɗan inji na hannu, wanda ake ɗorawa bisa tebur, yana narka zaren roba yana gina abu layi bisa layi. Niyyarsa ya yi 'ya'yan eshek gaba ɗaya da siffar kyanwa. Amma kafin ya kunna, sai da ya sa aka kai shi Bromakoté, ya durƙusa gaban Baba Malam duk da kumburin ƙafa.

Ya ce, "Baba, siffar mai rai ce. In ka ce a bari, na bari."

Baba ya ɗago ya dube shi. Ya ce, "Na wa ne?"

"Na Nafisa."

"Abin wasan yarinya ne ke nan. Ka yi. Kada dai ya hana ka salla."

Aikin bai zo da sauƙi ba. Damshin Abidjan yana shiga zaren ya sa ya riƙa tartsatsi, har Mariyama ta ba shi bokitin shinkafarta yana binne shi a ciki. Wutar lantarki takan ɗauke ana tsakiyar kyanwa, a tashi da rabin jiki ba kai. Wutsiyoyi suna karyewa, kunnuwa suna zubewa. Na taɓa samunsa zaune gaban tulin roba da ta cukurkuɗe kamar taliya. Na ce, "Yaya, ka huta mana." Ya ce, "Hutu na nan zuwa mai yawa. Miƙo mini wuƙar nan."

Ƙarar injin ce ta fara jawo Nafisa. Ta tsaya a bakin ƙofa, washegari ta shigo tsakar ɗaki. Ran da ɗan kyanwa na farko ya fito daidai, fari, zaune bisa wutsiyarsa, Yaya bai kira ta ba, ya dai ajiye shi a gefen tebur ya kau da kai. Ta zo ta ɗauka. Da yamma ta dawo ta zauna kusa da gwiwarsa tana kallon na biyu yana tasowa.

Sojoji ya yi su 'yan kyanwoyi. Doki ya zama kyanwa mai shirin tsalle, sarauniya doguwa mai ɗaga kai. Sarki kuwa ƙaton muzuru ne a kwance. Nafisa, wadda Faransanci ya fi mata sauƙi a baki, ta ce, "Papa, pourquoi? Me ya sa sarkin yake kwance?" Ya ce, "Ba ya iya tafiya mai nisa, Nana. Sauran ne ke yi masa zirga-zirga." Mariyama ta tashi ta fita tsakar gida.

Ya gama su duka, farare da baƙaƙe, ya goge kowanne da takardar yashi. Suka yi ta wasa kullum bayan la'asar, kuma ban taɓa ganinsa cikin natsuwa irin ta lokacin ba. Amma kwanakin ba su yi yawa ba. Ciwon ya fara taɓa hankalinsa. Wata rana ina zaune ya ɗauki doki ya riƙe, ya rasa inda ake kai shi. Nafisa ta kama hannunsa ta ajiye masa. Aka ci gaba, ta cinye shi, karo na farko. Ba ta yi murna ba. Ta dube shi ta ce, "Papa, da gangan ka bar ni?" Bai iya yi mata ƙarya ba. Ya ce, "A'a, Nana." Ta kifa kai a cinyarsa ta yi kukan da ba ta yi ba ko ranar jana'iza.

Ganina da shi na ƙarshe, ya sa kowa ya fita. Ya ce likita ya shaida masa ciwon nan na gado ne, kuma da alama shi ya ɗauke mahaifiyarmu ba mu sani ba. Ya ce, "Ki je a duba ki. Ki tafi da Nafisa. Ni ban iya faɗa wa uwarta ba." Bayan sadakar bakwai na cika masa wannan umarni. Ni an ce lafiyata lau. Da aka zo kan yarinyar, likitan ya daɗe yana kallon allon injinsa, sannan ya ce in turo masa mahaifiyarta. A nan na gane Nafisa ta gaji ciwon.

Mariyama za ta koma wajen iyayenta a Nijar in ta fita takaba, da yarinyar da ba ta taɓa ganin ƙasar ba, garin da babu wurin wankin jini kusa. Baba Malam bai sake zama karatu ba. Ni kuwa ina buɗe shago ina rufewa, ban san abin da nake jira ba.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Abdulkarimu. Ka sa jinyarsa ta zama kaffara, Ka yalwata kabarinsa, Ka haɗa shi da mahaifiyarmu a Aljanna. Ka ba Mariyama juriyar abin da ta ji da wanda ke gabanta. Ka riƙe zuciyar tsohon da ya binne ɗansa na fari. Ya Allah, ga marainiya nan, ba mu da dabara a kanta. Ka tausaya mata. Amin.