Ranar da abokina ya ce a bar mutum ɗaya a baya

Shekarun baya, ranar da 'yan tawaye suka shigo har tsakiyar N'Djamena, ni ina unguwar Farcha ana koya mini yadda ake zama shugaba. Duk wanda na gaya wa haka sai ya yi dariya, ni ma nakan taya shi.

Ban daɗe da fara aiki ba a lokacin. Bincikena a kan kaska ne da cututtukan da take sa wa shanu, rabin rayuwata a kasuwar dabbobi, rabi a labo, wato ɗakin gwaje-gwaje. Sai aka shirya wa matasan masu bincike horo, aka sa da ni. Ba kimiyya ake koyarwa ba. Ana koya mana raba aiki, magana gaban jama'a, da yanke shawara idan kawuna suka rabu. A can muke kwana, don wasunmu daga nesa suke, ni kaina daga unguwar Gassi, can ɗaya ƙarshen gari. Malamarmu wata dattijuwa ce 'yar kudu da ta yi shekaru tana binciken sauro, Madam muke ce mata. Kowace safiya takan naɗa ɗayanmu shef, wato shugaba na yini, ta koma bayan aji tana kallon yadda zai yi.

An kwana biyu ana raɗe-raɗin motocin yaƙi sun taso daga gabas, amma ba yau muka fara jin irin wannan ba. Ranar, shugabancin ya faɗo a kaina. Na miƙe ke nan na gyara murya zan buɗe zama, sai muka ji wata ƙara da ta girgiza tagogi. Kafin mu kalli juna, wata ta biyo. Kowa ya ciro waya, babu layi. Mahaifiyata tana can Gassi, ba yadda zan ji muryarta.

Madam ta fita bakin ƙofa don ta shigo da wasu mata da ke gudu a titi. Matan sun shigo, ita kuma sai ɗauko ta aka yi. Wani ɓarɓashin ƙarfe ya same ta a cinya, jini har cikin takalminta. Wata likitar dabbobi a cikinmu ta cire gyalenta ta ɗaure wajen tam, ta ce jinin zai ragu amma dole a kai ta asibiti yau. Madam ta ɗago ido ta ce, "Shef, kai muke jira."

Wallahi sai da na waiga bayana.

Asibitocin suna cikin gari, inda ake ɓarin wutar. Mai gadi ya ce jama'a suna tsallake kogi da kwalekwale zuwa Kuseri ta Kamaru, inda akwai asibiti, kuma bakin ruwan ba nisa. Sai dai akwai masu bindiga a wajen suna duban fuskoki, bai san na wane ɓangare ba ne.

Nan abokina ya ja hannuna gefe. Shi ne Bahaushe na biyu a wajen, mai auna ruwan rijiyoyi, ɗaki ɗaya muke kwana. Mutum ne mai sanyi, ban taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba. Da Larabci ko Faransanci muke magana cikin mutane, amma ranar sai ya yi mini Hausa. Ya nuna wani dogon saurayi da haɓarsa, masanin duwatsu, ɗan can arewa maso gabas, wanda danginsa suke cikin yaƙin nan ta kowane ɓangare. Fuskarsa da harshensa kaɗai sun isa su faɗi inda ya fito.

"Wancan kada ya bi mu," in ji shi. "Idan aka tsayar da shi, da mu duka za a haɗa. Ka ce ya tsaya ya kula da kayan aiki. Kai ne shef, ba zai musa ba. Ai haka Madam ta koya mana, a ba kowa aikin da ya dace da shi."

Ya faɗe ta a natse, kamar yana gaya mini sakamakon gwaji. Na tsaya ina kallon bakinsa. Mutumin nan jiya shi da dogon suka sha shayi a kofi ɗaya.

Sai muka ji murya a bayanmu, da Hausa tsantsa: "Ba komai, Shef. Zan tsaya."

Dogon ne. Ashe a cikin 'yan kasuwar Hausawa ya tashi, bai dai taɓa nuna mana ba. Babu fushi a fuskarsa. Har ya fara tattara na'urori yana jera su ƙarƙashin tebur. Abokina ya sunkuyar da kai.

Ba jarumta ce ta zo mini ba. Wata magana ce ta Madam da na ɗauka ta cika aji ce kawai: duk shawarar da ba za ka iya faɗa gaban wanda ta shafa ba, kada ka yanke ta. Na hau kan kujera, na yi magana da Larabci don kowa ya ji. Na ce an kawo shawarar a bar mutum ɗaya saboda asalinsa, ban faɗi wanda ya kawo ba, na ce ban karɓa ba. Duk wanda yake ganin tafiya tare haɗari ce yana iya bin hanyarsa, ba zan riƙe shi ba. Wasu biyu suka ɗauki jakunkunansu suka fita. Abokina bai motsa ba.

Daga nan na raba aiki. Aka ɓalle ƙyauren wani ɗaki aka kwantar da Madam a kai. Na sa kowa ya saka farar rigar labo. Na ce dogon ya riƙe gaba, don ya fi mu ƙarfi, kuma ina so a gan shi hannunsa a kan mara lafiya.

A bakin ruwa wani mai rawani da bindiga ya tare mu. Bai kalli kowa ba sai dogon. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya tambaye shi ɗan wane gida ne. Kafin ya amsa, Madam ta ɗago kai da ƙyar ta ce da Larabci, "Yarana ne. Dukansu." Mutumin ya dubi jinin da ke ɗiga daga ƙyauren, ya tofar da yawu, ya matsa gefe. Muka shiga kwalekwale, muka tsallake har muka taka ƙasar Kamaru.

Madam ta rayu, amma da sanda ta ƙarasa aikinta. Mahaifiyata na same ta lafiya bayan ƙura ta lafa. Mutum biyun da suka fita ma sun isa gida.

Yau ni ma ina horar da ƙananan masu bincike, kuma abin da nake fara gaya musu shi ne, iya raba aiki da iya lallashi ba su mai da mutum na kirki. Na ga an ɗauki darasi mai kyau an yi nufin binne mutum da shi, kuma ba mugu ne ya yi ba, mai tsoro ne. Ƙarar manyan bindigogin nan na daɗe da daina jin ta a kunnena. Natsuwar muryar abokina ce har yanzu take sa tsigar jikina tashi.

Muna nan tare da shi, har sunan 'ya'yana yana zuwa, kuma ba mu taɓa ɗaga maganar ba. Dogon ma bai taɓa ɗaga ta ba. Amma duk inda suka haɗu a taro, cikin masu Faransanci da Larabci, sai ya tako har inda abokina yake, ya miƙa masa hannu, ya gaishe shi da Hausa.