Bishiyar da Aka Kayar Ba a Yi Kira Ba

Mu na Allah ne, kuma komawarmu gare Shi take. Ranar Talata, tara ga watan nan, bishiya ta faɗo wa ɗana na fari a dajin da hukuma ta hana sara. Kafin la'asar rai ya yi halinsa.

Babba, ban taɓa kama sunanka da bakina ba saboda kunyar ɗan fari, ko a takardar nan ma hannuna ya ƙi. Kai ka matsa mini na shiga ajin manya da furfura a kaina. In ka dawo daga aiki, garin katako duk a gashinka, sai ka zauna bakin ƙofa ka duba abin da na rubuta, ka ce, "Inna, wannan harafin naki ya juya mana baya, me muka yi masa?" Kai ka sassaƙa mini kujera saboda ciwon gwiwata. 'Ya'yan maɗobiyar da kake cikowa a aljihu kana shukawa a gwangwanaye bayan ɗaki sun tsiro, matarka ce ke ba su ruwa.

Ka sha faɗa mini cewa masu sara suna da ƙa'ida: kafin bishiya ta faɗi, mai gatari zai ɗaga murya ya ce a kauce. Amma Mai Katako, ubangidanku, ya ce masu gadin daji sun matso. Ya karɓe injin yankan bishiya saboda ƙararsa, ya raba muku gatura, ya hana kiran. Abokin aikinka ya zo ya durƙusa a gabana ya ce, "Inna, na gan shi ya ba da baya. Na buɗe baki sai na tuna umarni. Hannu na ɗaga masa." Wa yake ganin hannu ta ƙeya?

Kana numfashi, amma ba su wuce da kai asibiti ba. Sai da suka gama yanka gungumen suka loda, wai mota ba ta fita daji ba kaya. A saman lodin suka kwantar da kai, a nan ka cika.

Ranar addu'ar uku Mai Katako ya zo gaisuwa cikin farar riga. Ya ce, "Sai haƙuri, Inna, kwana ne ya ƙare. Shi ma dai nawa ne." Sannan ya juya wajen Auta, ƙaninka, ya ce, "Gatarin yayanka lafiyarsa ƙalau, ko ƙotar ba ta tsage ba. Marayu kuma ba addu'a za su ci ba. Mota za ta biyo ranar Asabar." Da safen nan na leƙa ɗaki na tarar Auta yana gwada takalmanka na aiki. Sun yi masa daidai.

Ku masu sayen gado da ƙyaure, ku tambayi kafinta daga ina katakonsa ya fito, ko da izini aka saro shi, ko an shuka wani a gurbinsa. Mai arha da kuke murna da shi, wani da ɗan mutane a kansa ya fito daga daji.

Allah Ya jiƙanka, Babba, Ya yalwata kabarinka, Ya sa azabar da ka sha ta zame maka kankarar zunubi. Ina yi wa matarka da 'ya'yanka ta'aziyya, Allah Ya ba su haƙuri, Ya raya su da halal. Auta kuwa, ya Ubangiji, ya wuce in rufe masa ƙofa. Ka buɗe masa wata sana'ar kafin Asabar.