Ƙofar da Kaka ke bari a wuyan tulu

Tsufa ya soma kwashe mini abubuwa, sunayen mutane ma sai na yi ta lalube, amma ranar da Kaka ta ɗauke tulunta daga kan teburin wata Baturiya a Minna tana nan daram, kuma na san da ita za a binne ni. Wani lokaci idan na tuna sai in ga kamar mafarki na yi.

Kaka ita ta haifi mahaifiyata. Bagwariya ce, maginiyar tukwane a wani ƙauye bayan Paiko. Mahaifiyata ta rasu wajen haihuwata, sai na tashi a gidan babana Bahaushe a Minna, kusa da tashar jirgi, inda in yaro ya yi wauta ake ce masa Bagwari. Ni ma na faɗa wa wasu, Allah Ya yafe mini. Duk ranar da Kaka ta shigo gari da ƙwarya a kafaɗa, don Gwarawa ba sa ɗora kaya a ka, sai in sulale in bar ƙofar gida kada ƙawayena su gan mu tare.

Amma hutun da nake yi a wurinta, har yau ƙanshinsa bai bar hancina ba. Da hantsi za ta sunkuya tana zagaya yumɓu da baya da baya, tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, tulu na tasowa tsakanin hannuwanta kamar da ma yana kwance a ciki ne ta tashe shi. Ranar gashi hayaƙi ya lulluɓe ƙauyen, a yayyafa wa tukwane ruwan makuba na ɓawon ɗorawa suna da zafi, su yi baƙi suna sheƙi. Kowane tulu nata tana ja masa layi da tsinke a wuya, amma ba ta haɗe bakin layin. Sai ta bar ɗan fili kamar faɗin yatsa biyu. Ina ƙarama na tambaye ta dalili.

"Kofar uwarki ce," in ji ta, da Hausarta ta Gwari. "Na bar mata hanya, ko za ta leko ta sha ruwa."

Tun ranar da aka binne 'yarta ba ta sake rufe layi ba.

A tsakiyar shekarun tamanin, ina sabuwar malamar firamare mai ji da Turanci, wata Baturiya ta zo koyon ginin tukwane, aka haɗa ta da ni in riƙa yi mata tafinta. Kaina ya kumbura ba kaɗan ba. Duk Asabar muna cikin motarta, mu haye gadar Chanchaga, iska na kaɗa mini mayafi, ina fatan duk wanda ya san ni ya hango ni. Wurin Kaka na kai ta, Kaka ta karɓe ta hannu bibbiyu. Ta nuna mata ramin da ake haƙo yumɓu, ta kama hannunta ta koya mata murza totuwar masara a jikin tulu, har baƙin zanenta na saƙi ta ba ta.

Wata rana Baturiyar ta ɗora yatsa kan filin nan na wuyan tulu ta tambaye ni me ya sa tsohuwa ba ta ƙarasa layinta. Na dubi littafin da take rubutu a ciki, na ji kunya ta rufe ni. In ce kakata na jiran matacciya ta zo shan ruwa? Ai sai ta ɗauke mu 'yan ƙauye masu camfi. Sai na ce mata tsufa ne, hannun Kaka ke rawa. Ta gyaɗa kai cikin tausayi ta rubuta. Kaka na gefe tana yi mana murmushi, ba ta san abin da aka ce ba.

Bayan kusan shekara aka aiko mana da katin gayyata, wai za a baje kolin tukwane a zauren wani otal. Kaka ta sha ado, ta zo a motar Paiko. A bakin ƙofa maigadi ya tare ta.

"Ke Gwari, ba nan ake talla ba. Kasuwa tana can."

Sai da na nuna kati, na haɗa da Turanci, sannan ya matsa.

Ciki kuwa sanyi da farar fitila, ƙafa ba ta ƙara a kan darduma. Na ga tuluna irin na Kaka jere reras, siffarta, zanenta, baƙin makubarta, amma sunan da ke ƙarƙashinsu na Baturiya ne. Can ƙarshen tebur aka ajiye tulu ɗaya na hannun Kaka, da 'yar takarda mai cewa aikin gargajiya ne, ba a san mai shi ba. Mai shi kuwa tana tsaye kusa da ni tana gyara ɗankwali.

Sai ga Baturiya ta fito ɗaure da zanen Kaka, tulu a kafaɗa. Zaure ya ɗauki tafi. Na ga matan manyan gari, waɗanda na sha jin suna yi wa kafaɗar Gwarawa dariya, suna cewa, "Kai, ya yi mata kyau!" Ta yi jawabi da Turanci. Ta ce mutanen nan Allah Ya ba su hannu amma bai ba su ma'auni ba, ko da'ira ba sa iya ƙarasawa, ita ce ta zo ta cike abin da suka gaza. Aka sake tafi, har da 'yan dariya.

Kaka ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Tana bin tulunan a hankali, tana zagaya wuyan kowanne da yatsa. Layi ya haɗe, na gaba ma ya haɗe. Ta waiwayo ta yi mini magana da Gwaranci, yaren da take komawa idan abu ya kai mata zuci.

"Ta rufe wa uwarki ƙofa. Duk ta rufe. Me ta ce wa mutanen nan suke dariya?"

Na rasa ƙaryar da zan ƙara. Na faɗa mata duka, har da abin da ni na ce ranar nan a ƙauye. Ba ta zage ni ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta miƙo hannunta na dama ta tsai da shi a gaban idona. Ko gezau bai yi ba.

Daga nan ta je ƙarshen tebur ta ɗauki tulunta, ta aza a kafaɗa, ta ratsa tsakiyar zauren. Tafiya iri ɗaya da wadda aka gama tafa wa, amma babu wanda ya tafa. Wani ma cewa ya yi a tare ta, ta ɗauki kayan Madam. Nan bakina ya buɗe, na ce da Hausa da ƙarfi, "Nata ne. Kakata ce, ita ta gina." Wannan ne karo na farko da na faɗi haka a cikin garin Minna.

Na raka ta har Paiko, tulun na kan cinyata, rana na faɗuwa bayan duwatsu. Da za mu sauka, ta ce in riƙe shi, nawa ne.

Yana ɗakina har yau. Abin da ranar ta koya mini shi ne, mai raina ka yana iya son kayanka matuƙa, muddin ba a jikinka ya gan su ba. Kuma ba a cika ƙwace wa mutane abinsu ba sai an samu nasu da ke jin kunyarsa, ya miƙa da hannunsa. A gidanmu ni ce na miƙa. Shi ya sa duk jikan da ya ɗora yatsa kan filin nan ya tambaye ni, nakan zaunar da shi in gaya masa gaskiya: ƙofar uwata ce.