Gwajin La'asar, Gwajin Safe

Shekara biyu na yi ina shan jiƙon basir. Duk mai motar maganin da ya kafa lasifika a bakin kasuwa, ni ne farkon miƙa hannu. Tela ne ni. A aji biyu na sakandare karatuna ya tsaya, waɗanda nake ba satar amsa su ne daraktoci yau. Wuni nake a kan keken ɗinki, tumbi ya fito, barci ba ya isata, abin da ke tsakanina da uwar 'ya'yana kuma ya yi sanyi. Ba ta taɓa cewa uffan ba. Shirun nan ne ya fi cina.

Wani mai kemis ya ce sinadarin maza ne ya ƙare mini, wai shi testostiron, kuma yana da allurarsa. Na ce a'a, bari in fara gani a takarda ko na ƙare da gaske.

Kunya ta sa na tsallake duk wuraren gwajin unguwarmu na hau keken haya har Yelwa, unguwar ɗalibai, inda ba wanda ya san fuskata. Kuma na zaɓi bayan La'asar, lokacin da ba layi. Kafin in shiga na danna wa cikina masa guda shida da shayi mai sukari cokali uku, don kada jinin ya fito da rauni.

Mai ɗibar jinin wata mata ce daga kudancin jihar nan. Ta ce, "Baba, wannan gwajin na safe ne, kafin a ci komai."

Na ce tafiya gare ni gobe, kuma tun safe ban ci komai ba. Ta kalli man da ke gemuna, ta ɗiba.

Da na koma karɓar sakamako, lambar sinadarin tana ƙasa. Na ce shi ke nan, sai allurar mai kemis. Matar nan ta dafe takardar da hannu.

"Wannan takardar ta masar da ka ci ce, Baba, ba taka ba. Abin nan da safe yake hawa, da yamma ya sauka, sukari kuma ya ƙara danne shi. Ka zo ƙarfe bakwai da cikinka fanko."

Ƙarfe bakwai, layi har waje. Wa zan gani a kan benci? Abokina na majalisa, tsohon soja daga barikin Shadawanka, mai cika mana kunne kullum da cewa shi har yanzu ɗan ashirin ne.

"Tela! Me ya kawo ka?"

"Maleriya."

"Ni ma maleriya."

"Ƙarya kake, soja. Maleriyar ce ta hana ka karin kumallo?"

Muka yi dariya har matar ta leƙo ta ce mu yi a hankali.

Jama'a, da sabon sakamako ya fito, lambar ta hau! Ba can sama ba, amma tana cikin layin da aka zana. Likitan da na kai wa ya ce shekaru na rage ta a hankali, amma tumbi da ƙarancin barci da zaƙi sun fi saurin cinye ta. Ya ce da na yi allurar nan ba dalili, da jikina ya rage yin nasa. Jiƙon kuwa ya ce in zubar.

Ban hau keken haya ba ranar. A ƙasa na taka har gida, ina gumi, ina gaida mutanen da ban sani ba. Na shimfiɗa takardar a gaban uwar 'ya'yana, na faɗa mata komai, har masar.

Ta ɗauki takardar ta duba. Sai ta ce, "Shekara biyu, Malam, da ka tambaye ni ai da na ce maka tumbin ne."

Ta miƙe ta ɗauke gwangwanin sukari daga kan tire.