Goran da Ya Dawo Shi Kaɗai

Rubuta yadda na faɗa, 'yar nan, kada ki gyara mini.

Maigidana masunci ne a Gashua, Allah Ya jiƙansa. A kan gora yake su, babban goran nan da mutum ke kifa cikinsa a kai ya ratsa kogi. Shekarar da ruwa ya yi yawa, ya ajiye goran a gaɓa ya shiga kwalekwale mai inji. Da la'asar abokan sunsa suka yi sallama, suka dire goran a ƙofar ɗakina. A haka na san na zama gwauruwa.

Ɗa ɗaya ya bar mini, ya yi karatun jinya. Bara ya zo ya durƙusa, ya ce ya sami aiki a wani tsibiri. Na ce madalla, ai tsibiri kusa ne. Ni tsibirin da na sani irin na fadamar Nguru ne, wanda in ka ƙwala kira daga gaɓa za a amsa.

"Inna, ba irin wannan ba ne. Jirgin sama zai kai ni wani babban birni, daga can wani jirgin ya ɗauke ni. Kusan wuni ake yi a sama, ba komai a ƙasa sai teku."

"A ina yake tsayawa ya huta? Ko motar Nguru tana tsayawa a Jajimaji."

"Ba ya tsayawa."

Na shiga ɗaki na sauko da goran ubansa, na share ƙura, na ce ya tafi da shi. Ya yi dariya har da hawaye.

"Inna, akwai rigar ruwa a ƙarƙashin kujera."

"Riga? Kai da iliminka! Riga ai shan ruwa take yi."

Da ya ga ina kuka, sai ya karɓa; ranar tafiya ya rungumi goran ya shiga mota da shi, 'yan tasha suna ta yi masa tsiya, wai ko Kano zai je su.

Washegari ina tankaɗe na ji sallamar namiji. Direban motar ne. Ya dire goran a ƙofar ɗakina, daidai inda aka taɓa dire shi. Ban ji abin da yake faɗa ba. Rariya ta suɓuce, na zube ina salati, maƙwabta suka cika gidan.

Direban ya ɗaga murya, "Iya, lafiya lau fa ya tafi! A filin jirgi aka ce goran ya yi girma!"

Ban yarda ba. Wanda ya kawo gora ba ya faɗin gaskiya da wuri. Na ƙi ci, na ƙi sha, ina zaune ina riƙe da bakin goran, har waya ta yi ƙara aka kara mini a kunne.

"Inna, na sauka."

Na ce, "Taka ƙasa in ji." Ya buga ƙafa, na ji.

Mutane suna ba da labarin suna dariya, ni ba na yi. Ya ƙetare ruwan nan ba gora, kuma ta kan ruwan zai dawo. Duk sanda jirgi ya wuce ta saman Gashua, sai in bar abin da nake yi in ɗaga kai, har ƙararsa ta ɓace.