Na Ce Ban Ga Komai Ba Saboda Gonar Riɗi

Edita, ina da shekara talatin da 'yan kai lokacin da abin nan ya faru. Ni ne wakilin wata babbar gona a gefen garin Doka, mai gonar yana zaune a birnin Gadarif, ni ke kula da tarakta da leburori. Ina da zafin kai a lokacin, kuma ba abin da nake tsoro kamar a ce aiki ya lalace a hannuna. Wanda ya san riɗi ya san ba ya jira: in ya nuna aka yi jinkirin 'yan kwanaki, kwanson ya fashe, ƙwayar ta zube cikin tsagar ƙasa, shi ke nan wahalar damina ta tafi a banza.

Cikin masu yankan akwai wani dattijo ɗan unguwarmu, abokin mahaifina, Baba nake ce masa. Wata rana bayan azahar muka tafi ƙarshen gonar mu biyu don ya duba mini ko riɗin can ya isa yanka. Muna tsaye sai na ji wani gunji har cikin haƙorana. Muka ɗaga kai, ga wani abu tsaye cik a sama, kamar faifan ƙarfe, ya fi lori girma, ba fiffike ba hayaƙi. Mun san jirgin feshin tsuntsaye, wannan ba shi ba ne. Haske ya fito daga ƙasansa da zafi kamar an buɗe bakin tanda. Ni na kifa fuskata a ƙasa ina salati, Baba kuwa ya tsaya yana kallo har abin ya yi wajen garin Gallabat ya ɓace.

Kafin magariba fuskarsa ta kumbura, idanunsa sun yi jawur suna ta zubar ruwa, yana amai. Ni ma ƙeyata ta saluɓe, gashin wajen yana biyo hannuna, kaina kamar zai rabe. Na naɗe wuyana da rawani don kada a gani. Baba ya gaya wa leburori abin da muka gani, nan take wasu suka fara ɗaure kayansu, suka ce ba za su yi aiki a gonar da aljanu ke sauka ba. Da suka juyo gare ni, na dubi riɗin da ya rage, na ce rana ce ta bugi tsoho, ni ban ga komai ba. Har dariya na yi, Allah ya yafe mini.

Washegari lori ya tafi Gadarif, ban sa shi ciki ba, don na san in ya shiga gari labarin zai bazu, ba wanda zai ƙara zuwa mana aiki. Na bar shi a bukka da tsumma mai ruwa a ido, kullum ina leƙa shi. Sai bayan kwana takwas aka gama yanka, sannan aka kai shi asibiti. Likitan da ya duba shi ya ce idon ya ƙone ne kamar na mai walda, kuma mun makara. Baba bai sake gani ba.

Abin da ya fi makantar ciwo shi ne a unguwa aka ce ya taɓu, tunda wanda suke tare ya ƙaryata shi. Matarsa ta tare ni a ƙofar gida, ta ce in dubi Allah in gaya mata gaskiya, na sake musawa. Daga baya ya aiko mini cewa ba idonsa yake nema a wurina ba, in zo kawai in gaya wa 'ya'yansa ubansu ba maƙaryaci ba ne. Na ce sai bayan girbin dawa. Kafin in dawo daga gona an kai shi makwancinsa.

Har yau ban san mene ne muka gani ba, kuma har yau ciwon kan nan yana tashi, in ya tashi ba na iya kallon sama. Jama'a, wanda ya ce ya ga abin da hankalinku bai ɗauka ba, ku fara kai shi asibiti, gardama ta biyo baya. Wanda kuma Allah ya sa shi kaɗai ne shaidar wani, kada ya ɗaga maganar zuwa gobe. 'Ya'yan Baba suna karanta wannan mujalla, za su gane kansu. Ubanku da hankalinsa ya rasu, ina tsaye kusa da shi ranar da abin nan ya bayyana a gona, kuma na gani.