Molina Nayek, Mai Mazarƙwaila a Bakin Zane

Kafin a buga ƙararrawar fita aiki a gonar shayinmu ta Silhet, Molina Nayek ta riga ta zagaye layin gidajen ma'aikata. Didi muke ce mata, wato yayar kowa. Shekara talatin da ɗaya tana ba da magani a ɗan ɗakin shan maganin gonar, kuma har yau ba ta iya gaisuwa ba. Tambaya ɗaya gare ta a kowace ƙofa: an sha ƙwayar ciwon suga, me aka ɗora a kai? In aka ce shayin gishiri kawai, sai ta kafe a tsaye har a kawo gurasa a ci a gabanta.

Mu nan rabin ciwon suga muka sani. An ce mana yana hawa, an ce zaƙi guba ne, muka riƙe hannu bibbiyu. Ba wanda ya zauna ya faɗa mana cewa magani a kan yunwa yana kayar da shi ƙasa warwas, kuma faɗuwar ta fi saurin kisa.

Masu tsinkar ganye har yau suna ba da labarin ranar da abokiyar aikinsu Shukmoni ta zube da kwando a baya, gumi sharkaf, tana sambatu. Aka kara mata tsohon takalmi a hanci yadda muke yi wa mai farfaɗiya, wasu suka ruga kiran boka. Didi ta iso, ta ga tana iya haɗiya, ta kwance bakin zanenta ta ciro mazarƙwaila. Mijin Shukmoni ya buge mata hannu.

"Didi, mai suga za ki ba suga? Kashe min ita za ki yi?"

"Ai kai ka kusa gamawa da ita. Matsa can, ko na haɗa da kai."

Didi ta sa mata mazarƙwailar a baki, ba a jima ba Shukmoni ta tashi zaune tana tambayar kwandonta.

Ke ce mai bakin da ba ya gajiya, Didi. Ke kika nanata mana cewa rawar hannu da gumi mai sanyi da magana barkatai, maganinsu zaƙi ne nan take, wanda ya suma kuma kada a ɗura masa komai, sai asibiti. Zagi kuwa kin sha shi kin ƙoshi.

Ba kowa kika riska ba. Babana ya sha ƙwayarsa ranar azumin Ekadashi, cikinsa ba komai. Da hantsi ya fara karkarwa, ya roƙe ni suga cokali ɗaya. Na ɗauke gwangwanin na ɗora kan rufi, ina ganin gata nake yi masa. Da ya yi shiru muka ce barci ne, muka rage murya. Kin zo da la'asar, kin taɓa shi kin ji ya riga ya cika, kin dubi gwangwanin, kin dube ni. Shekara goma sha biyu ke nan ba ki taɓa ta da maganar ba, kuma wannan shirun naki ne ya bar ni na iya shiga mutane.

Ƙarshen watan nan Didi za ta ajiye aiki, kuma an ce ba za a ɗauki wata ba. Makon jiya ta tambayi sababbin majinyata goma abin da za su yi in jiki ya hau rawa da gumi. Bakwai suka ce za su ƙara ƙwaya. Ta zauna a kan benci ta sake bayanin daga farko, murya a dishe.

Mun gode, Didi, da waɗanda suka rayu da mu da muka gane a makare. Ku kuma masu mai suga a gida, ku ɗauki aikinta, don ba wanda zai sake ƙwanƙwasa muku ƙofa da safe. Ranar da naku ya jiƙe da gumi ya roƙe ku zaƙi, ku ba shi. Ni ban bayar ba.